Safiatou da Gurbin Ranar Haihuwa

Kullum da ƙarfe bakwai Safiatou Yacouba ke tare kabu-kabu a Lamordé, ta haye gada zuwa Plateau. Shekararta goma sha ɗaya ke nan a wani ƙaramin kamfani mai rubuta manhajar waya, wadda ƙananan asibitoci ke rajistar marasa lafiya da ita. In ta zauna gaban na'ura, ba ta rubuta komai sai ta karanta abin da abokan aiki suka rubuta jiya. Ba sa son wannan hali nata, ta kuma sani.

Shafi goma sha huɗu ne a manhajar ke tambayar ranar haihuwa: na rajista, na magani, na jerin masu jiran tiyata, da sauransu. Duk wanda aka ba sabon shafi sai ya kwafo kod ɗin gurbin da ake cike ranar, wato rubutun umarnin da ke sa shi aiki, daga wani shafin ya manna, ya ɗan taɓa shi yadda ransa ya so. Su suna kiran wannan sauri. Lalaci ne. Safiatou ta ce za ta rubuta gurbi guda tak, kowane shafi ya riƙa ɗaukarsa daga wuri ɗaya.

Aikin ya ci mata wata guda. Mai kamfanin ya tsaya a kanta.

"Madam Safi, kwana talatin ke nan. Me zan nuna wa mutane?"

"Ba abin nunawa, patron. Ido ba zai ga bambanci ba."

Mu'azu, mai tebur kusa da nata, ya yi dariya. "Yaya Safi gidan wanki ta buɗe mana, tana wanke kayan da ba su yi dauɗa ba."

A wannan shekara Mu'azu aka ba shugabancin sashe, don ya fito da shafi uku masu kyan launi. Abin ya yi mata zafi. Ta yi masa barka, ta koma kujerarta.

Wata Alhamis da hantsi Rahama, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin ido, ta kira ta.

"Tanti, ku taimaka. Tsofaffi talatin da biyu aka kawo daga ƙauye za a cire musu yanar ido. Katinsu ba rana ba wata, shekara kawai. Waya ta ƙi su. Mun gwada sa musu ɗaya ga Janairu, mai duba kati ya mai da mutum uku, wai bai yi daidai ba. Likitocin baƙi ne, Asabar za su tafi, yau da la'asar kuma za a rufe jerin."

Da ta faɗa wa Mu'azu, ya dafe kai. "Shafi goma sha huɗu kafin la'asar? Sai dai su jira baɗi."

"Wuri ɗaya ne, shugaba," in ji Safiatou. "Ni ma ban tuna da irinsu ba lokacin da na rubuta. Ba ni minti arba'in."

Ta gyara gurbin ya karɓi shekara kaɗai, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ta gwada. Kafin azahar Rahama ta sauke sabon zubin manhajar a wayarta. Malam Isaka, wanda shekara uku da muryarsu kawai yake gane jikokinsa, shi aka fara rubutawa.

Safiatou, ke ce mai aikin da ba a tafa wa. Kuskuren har da naki a ciki, ba ki kuma ɓoye ba. Amma kin riga kin tara shi wuri guda inda hannu zai kai gare shi, kuma wannan shi ne bambancin mai aiki da mai neman a gan shi. An ba wani kujera, ke aka bar miki nauyin. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu kwafa ku manna, ku ji da kyau. Abin da kuka warwatsa yau don ku tashi da wuri, wani ne zai tsaya a ƙofar asibiti saboda shi. Tsofaffi talatin da biyu sun koma gida suna ganin hanya, kuma ko ɗayansu bai san sunanta ba. Ku da kuka karanta, yanzu kun sani.