Wa Zai Yi Maimai?

A Likoro, idan aka ce Inuwa Karatu, kowa ya san wanda ake nufi, kuma laƙabin ba na yabo ba ne. Mutumin nan ya tafi jami'a a Zariya bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, ya karanta shari'a, aka yi murna, aka yanka kaji. Kafin a gama wanke tukwane sai ya ce zai koma ya ƙaro ilmin kasuwanci. Da ya gama wannan, maimakon ya kama aiki kamar 'ya'yan mutane, sai ya ɗaura niyyar babban digiri a kan hulɗar jama'a, wato yadda ake haɗa kan masu aiki tare kada su watse. Dattawan gari suka ce to, ashe zama da mutane ma sai an je Zariya an koyo.

Su uku ne wurin ubansu: Lado babba, sai Inuwa, sai Ya'u auta. Tun rasuwar tsohon ba a raba gona ba. Gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke ci. Sai dai noman nan na mutum biyu ne. Damina takwas Inuwa bai taɓa ƙotar fartanya ba, alhali matarsa da 'ya'yansa biyu daga rumbun nan ake ɗebo musu.

Abin dariya, binciken da ya zaɓa shi ne dalilin da ke sa gandaye suna rabuwa a ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara. Ya buga tambayoyi a takarda, ya hau keke, ya zaga Hunkuyi, ya kai har Malikanchi. Ana farkon damina ya ce bari ya cike takarda guda a gida. Ya tarar da Ya'u a zaure yana gyaran garma, ya gyara zama, ya karanto masa: "Tambaya ta goma sha huɗu. A ganinka, me ke raba gandu?"

Ya'u bai ɗago ba. Ya ce, "Rubuta, Yaya. Ka sa Inuwa."

Nan Lado, da ke zaune a gefe, ya yi gyaran murya ya faɗa wa Inuwa abin da ake ɓoye masa: Ya'u ya riga ya je wurin mai unguwa, yana so bayan kaka a kawo igiya a auna, a ba kowa nasa.

Inuwa ya ji abin har cikin ƙashinsa. Gonar nan ce ubansu ya sare daji ya fitar, kuma yana ƙaunarta fiye da yadda yake iya faɗa. Sai ya zaro makamansa. Ya kawo na shari'a, amma a tsakiyar magana ya tuna Ya'u ne shari'a ta ba gaskiya, ya yi maza ya tsallake. Ya kawo na kasuwanci: fadamar raken nan in aka yanka ta uku, ba wanda zai samu abin da zai kai a matse a yi mazarƙwaila. Ya kawo na hulɗar jama'a, ya yi bayanin haɗin kai har da ɗaga yatsa.

Ya'u ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Duk na ji, Yaya, kuma wallahi ka iya magana. Wa zai yi maimai?"

Cikin littattafan Inuwa duka babu wanda ya taɓa cire ciyawa.

Washegari ya taka keke zuwa Zariya, ya roƙi malaminsa a ɗaga masa miƙa bincike da shekara guda. Malamin ya ce ya yi tunani, abokan karatunsa za su wuce Kaduna su kama manyan kujeru ya dawo yana gaishe su. Inuwa ya ce ya yi tunanin a hanya. Ya koma gida, ya tuɓe taguwar boko, ya ari fartanya.

Kai, an sha kallo a daminar nan! Kafin ya kai ƙarshen layi ɗaya Ya'u ya gama uku. Tafin hannun Inuwa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Ran farko ma dawa ya dinga sarewa yana barin ciyawa, har mata masu kawo fura suna rufe baki da gyale. Lado ya tausaya ya ce ya huta. Ya ƙi. Ya yi noman farko, ya yi maimai, ya yi huɗa, ya yi girbi, ya ɗauki dami a kai kamar kowa. Ya'u bai yaba masa ko sau ɗaya ba.

Da aka cika rumbu, mai unguwa ya aiko yana tambayar ranar awo. Ya'u ya dubi Inuwa, wanda ya yi baƙi ya rame, ya ce, "A ce masa na ɗaga. Shekara ɗaya. In Yaya ya zo baɗi, mu gani."

Inuwa ya gama digirinsa a makare, ya kama aiki a Kaduna a ƙarƙashin waɗanda ya fi ƙoƙari a aji. Ya yi suna wajen sasanta ma'aikata da shugabanninsu, amma abin da aka fi saninsa da shi a ofis shi ne rigimar hutu: ba ya karɓa sai da damina. Kowace kaka kuma Ya'u ya ɗaga awo da shekara ɗaya, bai taɓa cewa biyu ba. Lado ya rasu ana haka.

Shekarar da gwiwoyi suka ƙi, Inuwa ya zo da sanda, ya tsaya a bakin gona, ya kira ƙaninsa. Ya ce, "Ya'u, bana ba zan iya ba. Sharaɗinka ya faɗi. Aika wa mai unguwa."

Ya'u ya jingina fartanya. Shi ma gashin kansa ya yi fari fat. Ya ce, "A raba me, Yaya? Ran nan da fushi na je wurin mai unguwa, gaskiya ne. Amma tun daga kakar farko, tsoro nake in ce na fasa ka daina zuwa gida."