Hotunan raƙuman da na shafe a ordinatar kawuna

A lokacin ina shekara ta biyu a karatun rubuta manhaja a Maradi, kuma ji nake duk Dakoro babu wanda ya kai ni sanin na'ura. Ba ni da ordinata, wato kwamfuta, tawa ta kaina, shi ya sa da na zo hutu na sa wa ta kawuna ido. Kawu ma'aikacin kiwo ne, ya shekara da shekaru yana bin rugage da rijiyoyi yana ɗaukar hoton shaidar wuta da makiyaya ke yi wa raƙumansu, yana rubuta sunan mai su. In dabba ta ɓata, wurinsa ake zuwa. Na roƙe shi ya bar ni in ɗora tsarin aiki na biyu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, irin wanda masu rubuta manhaja suka fi so, kusa da nasa. Ya tambaye ni ko ba zai taɓa masa kaya ba, na yi dariya na ce kamar a ja katanga ne a tsakar gida, kowa da ɓangarensa. Ko kwafe hotunan a kile, ɗan filashin ajiya, ban yi ba, don raini.

Wajen raba faifan ajiyar na zaɓi ɓangaren da ba shi ba, na ɗora nawa a kan na kawu. Da na'urar ta tashi, nawa tsarin ya hau lafiya lau, na kawu kuwa ko alamarsa babu. Maimakon in faɗa sai na ce masa aikin yana son kwanaki. Kwana uku ina ta saukar da wannan ina goge wancan, wai in gyara kafin ya sani.

Rana ta huɗu wani dattijo daga wajen Adjekoria ya yi sallama. Ya ga taguwarsa da ta ɓata a hannun wani a kasuwar Kornaka, jandarmomi sun riƙe ta, sun ce ya kawo hujja kafin kasuwa ta zagayo. Ita kaɗai ta rage masa, nononta jikokinsa ke sha. Kawu ya ce in kawo ordinata. A gaban baƙon na durƙusa na faɗi gaskiya, ina kuka. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in nemi wanda ya fi ni sani, kuma wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kira malamata a waya. Ta ce in kashe na'urar nan take, domin hotunan ba sa gushewa lokaci ɗaya, duk abin da na saukar a kwanakin nan a kansu yake zama. Washegari na hau mota zuwa Maradi da na'urar, muka yini da ita muna tono. Da yawa sun tafi har abada. Na taguwar ya fito rabi, ƙafafun sun dagule, amma wuyan da ke ɗauke da shaidar yana nan sarai, kuma da shi dattijon ya karɓo dabbarsa.

Yanzu duk hutu ina bin kawu rugage muna sake ɗauka, a cikin wata ƴar manhaja da na rubuta masa, kuma komai muna ajiye shi wuri uku. Ƴan uwana masu koyo, ku ɗora tsari na biyu, yana da amfani ƙwarai, amma ku kwafe kayan mutane tukuna. In kuma kun yi ɓarna ku faɗa a ranar. Kuskuren minti ɗaya na yi, a ranar kusan duka hotunan ana iya ceto su. Abin da ya salwanta, kwana ukun da na yi shiru ne suka cinye shi.