Tanna, Wadda Anka Ce Ta Kama Rana

Tanna 'yar Bambeye ce, aure ya kawo ta Tawa. Mijinta na fari rijiya ta rufta da shi, na biyu ciwon ciki ya ɗauke shi cikin kwana uku. Daga nan unguwarmu ta yanke mata hukunci, wai farar ƙafa gare ta. Ni Azumi katangarmu ɗaya, rumfar ƙosaina kuma jingine take da rumfar furarta a bakin kasuwa, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

Abin haushi, ita ma ta yarda. In akuyar maƙwabci ta yi ɓari, Tanna ba ta cin tuwo. In hadari ya haɗu ya watse bai zubar ba, sai ta shige ɗaka don kada a tuna da ita. Doguwar mace mai daka tiya biyar ta gero kafin hantsi, amma tana tafiya kamar mai roƙon ƙasa gafara.

Cikin masu shan furarta akwai Almustafa, wani Buzu ma'aikacin meteyo a filin jirgi, inda suke auna ruwan sama da iska. A daminar shekara ta biyu da samun mulkin kai, ya jingine kekensa wata safiya ya ce mata:

"Inna, Talata ta sama, wajen azahar, rana za ta dushe. Kada ki firgita."

"Wa zai mutu?"

"Ba kowa. Miƙo mini dunƙulen fura."

Ya riƙe dunƙulen tsakanin fuskarta da hasken bakin rumfa, inuwa ta faɗo mata a ido. Ya ce dunƙulen nan kamar watan sama ke nan. Shina da hanyarsa, wani lokaci sai ya gitta ta gaban rana, inuwarsa ta faɗo bisa ƙasa. Masu lissafi sun san ranar, takarda ta iso musu. Ya ce ranar nan da take gani ta fi duniya girma nesa ba kusa ba, nisa ne ya mai da ita kamar faifai.

Tanna ta aje ludayi. "Ɗana, tun ban zo Tawa ba ana iya sanin Talatar nan?"

"Tun ba a haifi kakarki ba."

"To, ashe rana ba ta san da ni ba."

"Wallahi, Inna, ko kumandan mai mulkin Tawa ba ta san da shi ba."

Ta tuntsire da dariya. Shekara tara muna tare, ran nan na fara ganin turamen bakinta.

Laifinta ɗaya, ba ta iya riƙe magana. Duk wanda ya tsuguna shan fura sai ta gaya masa: ran Talata kada ka kalli rana da ido, kada mai ciki ta ruɗe, abin zai wuce. Anka yi ta yi mata dariya.

Talata ta zo, gari garau. Bayan kiran azahar haske ya fara ja baya, ya yi fatsi-fatsi kamar ruwan tsamiya, iska ta yi sanyi. Maza sunka ruga masallaci, mata sunka hau bugun turmi da kwanoni ana salati. Tanna na zaune tana damu. Ciɗo mahauci, wanda ya fi kowa baki a kasuwa, ya biyo a guje, ya leƙa rumfarta, ya ƙame. Duk inda haske ya ratso ta hujin zanar da ta rufe rumfar, ya zama ɗan jinjirin wata. Ga su nan birjik, bisa ƙasa, bisa ƙwarya, har bisa hannuwanta. Ciɗo ya kurma ihu.

Kafin la'asar rana ta warke, amma magana ta riga ta zaga gari: ita ta faɗi abin tun bai zo ba, kuma an iske watanni zube a rumfarta. Kashegari ba wanda ya sha furarta, ta yi tsami, ta zuba wa awaki. Ciɗo ya ja mutane sunka kai ƙara wurin mai unguwa Alƙasum, wai ta bar unguwa kafin kasuwar Lahadi. A Bambeye kuwa ba ta da sauran kowa. Ɗakin nan guda shi ne duk abin da ta mallaka.

Na ce ta kira Almustafa ya yi musu bayani. Ta ce, "Shi anka kai ƙara ko ni?"

Ran Juma'a da hantsi ta ɗaura zanenta na salla, munka tafi. Rumfar mai unguwa ta cika maƙil. Ciɗo ya yi ta zuba har ya gaji. Tanna ta gaisa, ta ce:

"Ranka shi daɗe, rumfar nan taka, da mi anka rufe ta?"

"Da zana mana."

"Ran Talata da azahar, kafin ka tafi masallaci, ina kake zaune?"

Alƙasum ya duƙar da kai, ya shiga gyaran rawani.

"Ni na ɗaga rariya ran nan," in ji ta, "kowane huji ya ba ni ɗan wata. Rana ta koma kamar lauje, haskenta ma ya koma kamar lauje, ko ta hujin wa ya bi. Azumi!"

Ta juyo ta dube ni.

"Mi kika rufe da tabarma a rumfarki, kina waige-waige?"

Ba na ƙarya gaban jama'a, ko da na so. Na ce watanni ne. Na gan su bisa kaskon ƙosaina, na ɗauka ajalina ne anka nuna mini, kwana uku ban ci abin kirki ba. Ina rufe baki wani tela ya ce shi ma, bisa keken ɗinkinsa. Wata mata daga baya ta ce ƙarƙashin itacen gidanta sun fi ɗari, ta watsa musu ruwan toka, ko mijinta ba ta gaya wa ba. Kowa ya gani, kowa ya yi gum, ya bar Tanna da abin.

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Ni na ɗauka rawanin nan ne za a tuɓe. Har rago na bayar sadaka."

"Wa ya yanka maka?" in ji Tanna.

Kowa ya juya ya dubi Ciɗo.

"Ni dai ban ga komi a tawa rumfa ba!" in ji shi.

"Ina za ka gani, sarkin alfahari? Kai kaɗai ka rufe taka da langa-langa. Ko iskar Allah ba ta ratsa ta, shi ya sa namanka ke wari tun hantsi."

Rumfa ta kece da dariya. Tanna ba ta yi ba. Ta ce, "Kowanenku ya ɗauka shi sama ta nuna da yatsa. Kwana uku kunka ɗauki kayan nan, dubi yadda kunka rame. Ni shekara tara ina ɗauke da shi, kuna ƙara mini. Na sauke. Allah ya sa wa rana da wata hanyarsu, ba don ni ba, ba don ku ba. In za a kore ni, a haɗa da duk mai zana."

Alƙasum ya ce ba inda za ta, a watse.

Ba zan ce duka sunka dawo ba. Akwai waɗanda har sunka mutu ba su sake shan furarta ba, ita kuwa ko a jikinta. Shekara goma sha tara ta ƙara a ɗakin nan. In yaro ya yi zazzaɓi a unguwa anka fara neman wanda ya yi masa baki, ita ke tsawa a goya shi a kai likita.

Da munka koma gida ran nan, na tsaya bakin ƙofarta ina lalaben kalmar ban haƙuri. Ta zuba gero a turmi, ta miƙo mini taɓarya.

"Kasuwar Lahadi jibi ce," ta ce. "Daka, kuma ya yi laushi."