Kafso a Buhun Masara

Har yau ban san iyakar laifina a ciki ba, amma daga bakina maganar ta fito.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na yi bincike a kan ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda masara. A jikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ba cutar da shi suke yi ba, taimakonsa suke yi. Idan aka ba shi maganin da ya kashe su, 'ya'yansa sukan fito da laushin jiki, launinsu a koɗe, ba kuzari. Haka na gani a kwalaben da nake kiwon ƙwaron a ciki, ko in ce a yawancinsu.

Da na gama, Kawu, ƙanin mahaifiyata mai sayar da hatsi a Kasuwar Sabon Gari, ya zo gidanmu a Kwaciri yi mini murna. Ya tambaye ni me na karanta, na yi masa bayani. Ina jin na ce “wataƙila” ya fi sau biyar. Shi abu ɗaya ya tambaya.

“Wane magani ne, Dakta?”

“Irin kafson nan ne, Kawu, ja da yalo.”

Ya gyaɗa kai, muka shiga wata hirar.

Bayan sati uku Inna ta aike ni rumfarsa karɓo masarar tuwo. Na tarar da shi a zaune da faranti a cinya, yana ɓare kafso yana zazzage garin. Yatsunsa sun yi rawaya. A gefensa ga ɓawon kafso tuli guda.

“Ga mai aikin ta zo!” in ji shi. “Ashirin-ashirin nake sa wa buhu. Ya isa ko in ƙara?”

Na durƙusa na gaishe shi tukuna, don ban san ta inda zan fara ba. Na ce a kwalba muka gwada, kuma ba mai cin masarar kwalba. Na ce ban ma tabbata barbaɗawa zai taɓa ƙwaron ba, tunda a cikin ƙwayar masarar yake girma. Amma mutum zai ci, yara za su sha a kunu kullum, kuma jikinmu ma yana da nasa ƙwayoyin masu amfani. Ina tsoron ranar da za su kwanta ciwo a ba su maganin ya ƙi aiki.

“To ai magani ne, 'yar nan. Ba ya fi fiya-fiyar da wasu ke zubawa ba?”

“Kawu, don Allah ka bari.”

Ya ajiye farantin. Na tambaye shi buhu nawa ya riga ya sa wa. Ya ce bai ƙirga ba, kuma na makon jiya sun tafi. Wasu masu koko ne suka saya, wasu an kai inji.

Na karɓi masarar Inna daga buhun da ya rantse bai taɓa ba. Ina fitowa layin, a rumfa ta huɗu na ga wani dattijo da ban sani ba, shi ma da faranti a cinya. Ya ga na tsaya, ya yi murmushi.

“Sabuwar dabara ce, Malama. Wata mai digiri ce ta gano.”