Muryar Doña Ermelinda a Motar Celestino

Doña Ermelinda Sallo ta fi shekara ashirin tana yi wa baƙi jagora a kwarinmu. Hanyar kullum ɗaya ce: a kwashi mutane a Cusco da safe, a tsaya kufan Pisac, a ci abincin rana a Urubamba, a hau dutsen Ollantaytambo, a ƙarasa Chinchero kafin rana ta faɗi. Ni maɗinkiya ce, sunana Justina, katanga ɗaya ta raba gidana da nata a unguwar San Jerónimo, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

A Ollantaytambo aka haife ta. Mahaifinta manomin masara ne, ita kuma ta tashi tana kiwon tumaki a gindin tsofaffin katangun da mutane ke tahowa daga uwa duniya don su gani. Da mijinta ya rasu ya bar ta da jaririya, sai ta sauko Cusco, ta yi karatun aikin jagora, ta samu takardarta. Abin da ya sa baƙi ke son ta shi ne bakinta. In ta nuna musu manyan duwatsun nan da magina na dā suka yasar a hanya, waɗanda muke kira gajiyayyun duwatsu, sai ta ce, "Mazan garinmu ke nan. Tun zamanin sarakunan Inka aka aike su, har yau hutawa suke yi."

Direbanta tun farko shi ne Don Celestino Ttito. Lokacin da suka haɗu, wata tsohuwar mota gare shi da sai an tura take tashi. Tare suka tara baƙi har ya sayi farar bas mai kyau. Shi ya riƙe 'yarta Yaneth a coci ranar baftisma, daga nan suka zama compadre da comadre, wato uban baftisma da uwar yarinya, zumuncin da a wurinmu ya fi wasu 'yan uwantakar ƙarfi. A tukunyarta yake cin abinci, matarsa Doña Pilar kuma ƙawarta ce.

Matakalar Ollantaytambo ce ta cinye mata gwiwa. Ta daɗe tana ɗaure ta da ƙyalle tana hawa, har ranar da ƙafar ta ƙi. Aka yi mata aiki a asibiti, likita ya ce ta zauna gida wata da watanni. Zaman ya dame ta ƙwarai, mace ce da ba ta saba rufe baki ba.

Celestino yakan zo duk Lahadi da romon kaza daga matarsa. Wata rana ina wurin ina ɓare mata wake, ya ajiye wayarsa a kan tebur ya ce, "Comadre, zaman nan zai kashe ki. Yi mini yawon nan tun daga farko, kamar muna cikin mota. In naɗi muryarki a wayar nan, wata rana jikokinki su ji irin kakar da suka yi."

"Jikokin da Yaneth ba ta ko kawo mini ubansu ba?"

"Za ta kawo. Fara kawai, ga mu mun bar Cusco, mun hau tudu."

Ta rufe ido ta fara. Lahadi bayan Lahadi suna yi, yana nuna mata inda za ta tsaya da inda za ta ci gaba, tana dariya tana ce masa ya zama malami da tsufa. Da yake ga jikoki take magana, har abin da ba ta taɓa faɗa wa baƙo ba ta faɗa. Ta ba da labarin ranar da kogi ya cika ya tafi da mahaifinta, ta kuma rera waƙar da mahaifiyarta ke yi da yaren Kecuwa lokacin shuka.

Da suka kai Chinchero a naɗin, zuwan Lahadi ya ja baya, daga baya ya tsaya. Da ta fara takawa da sanda ta kira shi, ya ce baƙi sun yi ƙaranci. Ta sake kira, ya ce motar tana wurin bakanike. "Ki huta, comadre, dutse ba ya gudu." Ta yarda. Har tausayinsa take ji, tana cewa ko yaya suke cin abinci a gidan.

Wata Lahadi na ce ta raka ni kasuwar Pisac in sayi zaren ulu, ta motsa ƙafa. Mun gama ciniki muna neman motar komawa, sai ta tsaya cak ta riƙe hannuna. Ga farar bas ɗin Celestino, an wanke ta tas, baƙi suna shiga. Daga cikinta kuma murya na fitowa ta lasifika: "'Ya'yana, kowa ya duba maƙwabcinsa, kar mu bar wani a kasuwa, ba ni da kuɗin sayo shi."

Muryarta ce. Ni kaina sai da na waiga na dubi bakinta.

A ƙofar motar akwai wani mutum riƙe da 'yar tuta, da ƙaramar lasifika rataye a wuyansa. Daga baya muka ji sunansa Wilber, mijin 'yar ƙanwar Celestino ne, sabon zuwa daga garin Juliaca, bai taɓa ganin ta ba. Ermelinda ta tambaye shi a hankali ko akwai wuri. Ya ce akwai biyu a can baya. Na ce mata, "Mamita, uwata, mu tafi gida." Ba ta ko dube ni ba, ta miƙa mini sandar ta hau.

Celestino ya dawo daga shan shayi, ya zauna, ya gyara madubi. A madubin suka haɗa ido da ita. Na ga wuyansa ya yi ja, amma ya tayar da mota.

Muka bi gefen kogi, muryar tana nuna gonaki da duwatsu, Wilber yana danna waya in an zo wurin da ya dace. Baƙi suna ta dariya a daidai inda aka saba dariya. Kusa da mu akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Chile, ta juyo ta ce, "Kun makara, ba ku ji bayanin direba da safe ba. Mai muryar nan comadre ɗinsa ce, ta rasu bara. Ya ce ya kasa ɗaukar wata a madadinta, shi ya sa yake yawo da muryarta. Wallahi har hawaye na yi."

Ermelinda ta ce, "Allah sarki."

A gidan abinci na Urubamba, baƙi na ɗibar abinci, Celestino ya same mu a bayan mota.

"Comadre, ki bari in yi miki bayani."

"Da matacciya kake magana, Don Celestino? Ba ka tsoro?"

"Maganar kasuwa ce kawai. Da na ce ba ki da lafiya, sai su yi ta tambaya yaushe za ki dawo. Wilber ne ya ce a faɗi haka, kuma kin ga yadda suke so."

"Wilber ne ya zauna a ɗakina yana shan shayina?"

"Gwiwarki ba za ta ƙara hawa dutsen nan ba, ke ma kin sani. In zauna in jira? Ina da iyali."

"Da ka tambaye ni," in ji ta. "Da ka zo ka ce, comadre, ga halin da nake ciki, ara mini muryarki, da na ba ka. Wace Lahadi ce ka zo na hana ka wani abu?"

Ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumman mota. Ta tambaye shi ko Pilar ta sani. Ya kau da kai, nan ta gane Pilar ma ta sani.

Na ɗauka a nan za mu sauka, amma ta koma mota. A Ollantaytambo ba ta iya hawa ba, muka zauna a kan wani dutse a ƙasa. Wilber ya ja baƙi sama da tutarsa, muna jin muryarta tana hawa matakala tana ƙara nisa, tana ce musu su ja numfashi, kar su yi gasa da 'yan gari. A garin da aka haife ta ke nan, masu sayar da masara da cuku da suka san ta suna gaishe ta, suna kallon sama, suna kau da kai. Ashe duk sun sani.

Da baƙin suka sauko suka taru kusa da mu, Wilber ya danna naɗi na gaba. Sai ga labarin mahaifinta da kogi, sai ga waƙar shuka. Har wurin da muryarta ta karye Celestino ya bari a ciki. Ermelinda ta dafa sanda ta miƙe.

"Kashe wannan abin," ta ce. "Ni ce Ermelinda Sallo. Ban mutu ba, gwiwa ce ta yi mini ciwo. Wannan waƙar ga jikokina na yi ta, ba gare ku ba."

Dattijuwar nan 'yar Chile ta rufe baki da hannu. Amma wasu daga baya suka ɗauka cikin shirin yawon ne, suka fara tafi, wani ya ɗaga waya yana ɗaukar ta hoto, wata ta matso tana so su tsaya tare. Ta ce mini daga baya tafin nan ya fi komai yi mata ciwo. Ba mu bi su Chinchero ba. A gidan wanta da ke garin muka kwana.

Ta kai ƙara ƙungiyar masu jagora. Suka saurare ta da mutunci, suka ce ai da yardarta aka naɗa, abin da za su iya kawai shi ne su hana shi cewa ta mutu. Kafin nan ma naɗin ya bazu, wasu motoci biyu na amfani da shi. Da Yaneth ta tashi aure, ta roƙi uwarta a bar uban baftismarta ya zo coci, don shi ya biya mata kuɗin makaranta wata shekara da abubuwa suka yi tsanani. Ermelinda ta ce ta zaɓa, ko shi ko ita. Yarinyar ta yi kuka, ta zaɓi uwarta, amma har yau akwai ɗan sanyi tsakaninsu.

Yanzu ta koma Ollantaytambo da zama. Tana zagayawa da baƙi ƙalilan a tsofaffin lungunan gari, inda ruwa ke gudu a gefen hanya kuma babu hawa. Kafin ta fara sai kowa ya sa wayarsa a aljihu. Tana faɗin tarihi daidai, amma ta rage wasa, wasu ma sukan ce tana da tsanani.

Watan jiya na kai mata siket ɗin da na ɗinka mata. Muna shan shayi ta tambaye ni, kamar ba da gangan ba, ko ciwon sukarin Pilar ya yi sauƙi. Na ce na ji an kwantar da ita kwanaki, amma ta fito. Ta juya cokali a kofi, sannan ta ce, "In kin gan ta, kar ki ce na tambaya."