Ranar da Ƙafar Kyamarata Ta Kwana a Filin Jirgi

Ko da tsufa zai share mini komai daga kai, akwai rana ɗaya da na san ba zai iya taɓawa ba, wato ranar da na fara zuwa filin jirgin sama da kayan aikina. Tashin jirgin da saukarsa duk na manta yadda suka kasance. Abin da ya zauna mini daram shi ne abin da ya faru a wurin binciken kaya, tun kafin in ga ko fiffiken jirgin.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Kafanchan. Aure, baftisma, jana'iza, taron matan zumunta, babu inda ba a ganina da jaka a kafaɗa. Ina da wani abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, wanda mu masu sana'ar muke kira sitan. Tsoho ne tukuf. Robobin ƙafafunsa sun cinye tuntuni, sai na kai wa wani maƙeri a Kagoma ya yi masa waldar manyan ƙusoshi masu tsini, yadda in na soka shi a filin coci ko a kan kunyar gona zai tsaya cak. Ƙafa ɗaya ma bututun ƙarfe ce, tun ranar da wani ɗan acaba ya bi ta kan ta asalin. Yaran da suka shigo sana'ar daga baya suna yi masa dariya, ni kuwa ko bayan gida zan zaga sai na bar shi a hannun wanda na yarda da shi.

Akwai dalili. Hannuna na dama ya daɗe da fara rawa. Ba ya hana ni cin tuwo, amma in na riƙe kyamara da shi sai amarya ta fito da hanci biyu. Da sitan kuwa hotona fes yake fita. Ban gaya wa kowa ba, domin a ganina duk ranar da gari ya ji cewa mai hoto hannunsa na rawa, ranar ce zan rufe shago in koma noman doya.

Sai ga waya daga 'yar yayata. Ta gama karatun likita a Legas, za a yi bikin yaye su. Uwarta, wato yayata, citta take sayarwa a kasuwa, kuma tun rasuwar mijinta da kanta ta ɗauki darurrukan cittar da suka kai yarinyar nan makaranta. Yarinyar ta ce mini, "Kawu, kai ka ɗauke ni ranar da aka miƙa ni a coci, kai ka ɗauke ni da yunifom ɗin firamare. Ba na son wani ya ɗauke ni da hular nan in ba kai ba." Ta turo mana tikitin jirgin safe daga Abuja, biki kuma da rana. Na bugi ƙirji na yi mata alkawari.

Yayata ce ta ɗaure sitan ɗin. Ta naɗe shi da zanenta na matan zumunta don kada ya ƙuje, ta bi shi da robar tayar keke ta tamke, ta aza a ka. Haka muka shiga filin jirgin, ni da kwat ɗin aro da jakar kyamara, ita tana gaba da dogon ƙunshi a kai kamar mai zuwa sayar da rake.

Matar da ke karɓar kaya ta ce a sa shi tare da manyan jakunkuna a ƙasan jirgi. Na ce Allah ya kiyaye. Ni da na sha ganin yadda yaran mota ke jibga buhun doya a kan kayan mutane a tasha, in ba da sitan a jefa inda ba na ganinsa? Na ce abin hannu ne. Ta dube ni, ta dubi ƙunshin, ta ɗaga kafaɗa ta ce in je in ji da na gaba. A lokacin na ɗauka na yi nasara, har ina jin kaina wani wayayye.

A wurin bincike aka ce mu cire takalmi da bel. Wandon kwat ɗin nan na wani dikon ɗin cocinmu ne mai tumbi, ina zare bel ya kama hanyar ƙasa. Na cafke shi da hannun hagu, kuma tun daga nan hannun hagu ya tashi daga aiki. Yayata kuwa ba ta jira kowa ba, ta ratsa ƙofar nan mai ƙara da kayanta a kai. Ƙofa ta kwarma ihu. Ta waiwayo tana tambayar wa ya taɓa wani abu. Da ƙyar aka lallaɓa ta ta sauke ƙunshin a kan na'urar da ke haska cikin kaya.

Yarinyar da ke kallon allon na'urar ta tsaya cak. Ta matso da fuska, ta ja baya, ta yafito na kusa da ita. Shi ma ya duba ya yafito wani. Na leƙa ta gefe na ga abin da suke gani, kuma gaskiya ko ni ne a kujerar nan da na kira soja. Dogayen bututu uku a jere, kowanne da tsini a baki, ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe cushe a tsakaninsu.

Babbansu ya zo, wani dogo marar fara'a, ya tambaya da Turanci wa ya ɗaure kayan.

"Ni ne na ɗaure," in ji yayata, tana alfahari.

Ya ce ko akwai wanda ya ba mu wani abu mu riƙe masa.

"Ai da yawa," ta ce. "Matan zumunta sun ba da, maman fasto ya ba da, har maƙwabci na sef."

Ni ban ma san ta cusa saƙon mutane a tsakanin ƙafafun sitan ba. A wurinmu ba a tafiya hannu biyu, in za ka Legas kowa yana da ɗa a Legas. Aka fara kwance robar. Robar tayar keke kuwa ba ta san ofisa ba, ta suɓuce ta tsinka wa ɗaya a hannu, ƙunshin ya buɗe gaba ɗaya. Busasshiyar citta ta watse a kan tayil, ƙullin acca ya gangara ƙarƙashin tebur, ledar garin citta ta fashe. Ofisan farko ya yi atishawa, na biyu ya amsa masa, wani Bature da ke bayanmu a layi ya karɓa. Cikin wannan hayaniya sitan ya bayyana, ƙusoshinsa na sheƙi.

Babban ya ɗaga shi da yatsu yana juyawa. Na ce abin ɗora kyamara ne. Ya ce to, in fito da kyamarar in kunna ya gani.

Nan ne gumi ya karyo mini. Hannun hagu yana riƙe da mutuncina, saura na dama. Na zuge jaka na ciro kyamara, hannun nan ya fara abin da ya saba, tsoro kuma ya ƙara masa gudu. Na nemi maɓallin kunnawa na rasa, na sake nema na danna wani daban. Murfin gilashin ya faɗi ya mirgina cikin citta. Sai na ga ofisoshin sun daina atishawa sun fara kallon juna, ɗaya ya zagayo ta bayana a hankali.

"Oga, me ya sa jikinka ke rawa haka?" in ji babban.

Na ce sanyin wurin ne. Ya dubi gumin da ke ɗiga daga haɓata. Ya ce in ajiye kyamarar in biyo shi ɗaki.

Yayata ta miƙe daga tsintar citta, ta shiga tsakanina da shi, ta buɗe muryar nan tata ta kasuwa.

"Wane ɗaki? Ku bar ƙane na! Hannun shi ne yana rawa, ya daɗe. Ciwo ne, ba tsoro ba. Shi ya sa ba ya rabuwa da wannan ƙarfe. Dukan Kafanchan sun sani!"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da wandon dikon da komai. Ofisoshin ba su dame ni ba kamar maganarta ta ƙarshe. Dukan Kafanchan? Na ji haushi, na ji kunya, idona har ya kawo ruwa, na bar mutane suka ɗauka garin citta ne.

Wani dattijon ofisa da ke gefe ya ji Hausarta ya matso. "Mama, daga gida ne? Ni ɗan Gwantu ne." Suka gaisa kamar sun haɗu a bakin coci. Ya yi wa babbansu bayani, aka kunna kyamarar, aka ga hotunan amare da na 'yan kwaya, fuskoki suka saki. Amma ya gaya mini gaskiya: da waɗannan ƙusoshi sitan ba zai shiga cikin fasinjoji ba, wurin ba da manyan kaya kuma an rufe, ga shi ana kiran jirginmu. Muka gwada cire ƙusoshin. Maƙerin Kagoma ya yi aiki tsakaninsa da Allah, ko motsi ba su yi ba.

"Baba, ka bar shi a wuri na," in ji ɗan Gwantu. "In kun dawo za ka same shi."

Na ce in sitan ba ya tafiya, ni ma ba na tafiya. Yayata ko kallona ba ta yi ba. Ta tura mini takalmana da ƙafa, ta rataya jakar kyamara, ta kama kwat ɗina ta ja. Bel ɗina a hannu na shiga jirgi.

Sai da muka lula sama na iya yi mata magana. Na ce, "Yaya, wa da wa suka sani?"

"Wa ne bai sani ba? Kai kana tsammani me ya sa yara suna gudu su ɗauka maka ƙarfen a coci? Me ya sa ba a ba ka shayi a kofi cike? Mutane sun ga hannu, sun ga hoto, hoto ya yi kyau, suka yi shiru."

Ta juya ta ci gaba da addu'arta ta riƙe kujera. Ni kuwa na zauna ina tuno duk kofunan shayin da aka ba ni rabi, ina zagin masu gida a zuci da rowa.

Filin bikin fili ne fetal, jama'a maƙil, babu tebur babu katanga. Yarinyarmu ta fito da riga da hula, ta rungume mu, ta gyara tsayuwa ta ce, "Kawu, bismilla." Na ɗaga kyamara na danna. Na duba, likita ta fito da kai biyu. Na sake, abin ya ƙara lalacewa. Samarin Legas masu hoto suna ta shawagi a kusa da mu, ɗaya har yana miƙo mata kati. Na ga yarinyar ta lura, tana ƙoƙarin ɓoye damuwa da murmushi. A raina na gama yanke shawarar kiran ɗayansu.

Sai yayata ta warware ɗaurin kanta, sabon ɗankwalin da ta yi wata guda tana tanadinsa, ta naɗe shi gammo ta ɗora a ka. Gajeriya ce, kanta daidai haɓata. Ta zo ta tsaya a gabana ta juya mini baya.

"Ɗora."

Na ce, "Yaya, a gaban mutane?"

"Na ɗauki citta a gaban mutane, wannan ɗan abu ne zai ba ni kunya? Ɗora, rana yana tafiya."

Na ɗora kyamara a kan gammo. Wuyan da ya yi shekara da shekaru yana kai daro kasuwa bai ko girgiza ba, sitan ɗina ma bai taɓa tsayuwa haka ba. In na ce dama ta juya dama, in na ce ƙasa ta rage tsawo. Mutane suka kewaye mu suna dariya suna ɗaukarmu da waya, ita ko a jikinta, sai dai ta riƙa ba da umarni daga ƙarƙashin kyamara: "Likita, gyara hula. Buɗe haƙori, ba jana'iza ba ne." Hotunan suka fito fes, har zaren hular ana iya ƙirgawa.

Saura hoto ɗaya, na uwa da 'ya. Muka gwada kan wata ƙawar yarinyar, dariya ta hana ta tsayawa. Muka gwada kafaɗar wani saurayi, ya fi hannuna rawa. Daga ƙarshe na riƙe kyamarar da kaina, na ja numfashi, na danna. Ya fito da ɗan hazo-hazo, gefen fuskokinsu kamar an shafa da yatsa. Na so in goge shi, yarinyar ta riƙe mini hannu.

Da muka dawo na sami sitan a wurin ɗan Gwantu, har ya goge masa garin citta. Yana nan har yau, kuma in tafiyar jirgi ta kama, da hannuna nake miƙa shi a sa a ƙasa. Yayata kuma ba ta bar ni na huta ba, duk inda aka taru sai ta ce ita ce sitan mai ƙafa biyu, kuma har yanzu ban biya ta ladan aiki ba.

Daga baya na ziyarci likita a gidanta. Cikin duk hotunan nan masu kyau, wanda ta wanke babba ta rataye a falo shi ne mai hazon. Na ce mata wannan ai zubar mini da suna ne, ta sauke shi. Ta ce, "Kawu, shi kaɗai ne ku biyu kuke ciki. Ga fuskar Mama, ga hannunka."

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Na shafe shekaru ina ɓoye hannuna ina tsammanin ƙarfe mai ƙafa uku ne ke riƙe da ni, ashe mutanena ne, suna gani suna yin shiru. Tun daga lokacin na daina sa hannun a aljihu in ana gaisawa, kuma in aka ba ni shayi rabin kofi, godiya nake yi.