Saiwar Da Na Tona Kusa Da Rawayya

Ranar wata Talata ce cikin watan Agusta na shekarar 1998, ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintoci na safe. Mu uku ne a wurin: ni, da abokina Malam Lawali, malamin aikin gona a wata sakandare a Tsafe, da wani dattijo makiyayi da ake kira Baffa Juli. Wurin kuwa gindin wani ɗan dutse ne a dajin da ke tsakanin Rawayya da Kekun Waje, a ƙasar Bungudu. Aikina ne ya koya mini yawan duba agogo, shi ya sa za ku ji ina ambaton lokaci. Wallahi abin da zan ba ku ba ji na yi ba, da ni aka yi, kuma ni ne mai laifin.

A lokacin ina aiki a gidan rediyo a Gusau, ina karanta labarai, ina kuma gabatar da shirin manoma. Tsofaffi sukan ambaci tsirrai cikin hira, hankufa, jiɓda-ƙasa, nonon kurciya, ni kuwa sai in maimaita sunan da murya mai kyau alhali ko a tafin hannu aka sa mini ba zan gane shi ba. Da na yi wa Lawali ƙorafi, sai ya ce in fara tara su da kaina, ya kuma nuna mini yadda ake yi. Katako biyu ne masu faɗi, da tsofaffin jaridu, waɗanda ga su nan jibge a ofishinmu. Ka shimfiɗa tsiron tsakanin jaridu, ka rufe da katako, ka ɗaure tam da robar tayar babur. Kullum da safe ka kwance, ka canja jaridar da ta jiƙe, ka ƙara matsewa, har ya bushe. Sannan ka manna shi a takarda mai kauri, ka rubuta sunansa da inda ka samo shi da ranar. Ƙa'idarsa ɗaya ce ba ya sassauci a kanta: a kawo ganye da fure da kara da saiwa. In saiwar tana da kauri, a tsaga ta biyu a tsaye don kada ta ruɓe kafin ta bushe.

Cikin wata biyar na cika kundi biyu, daga fadamun Mada har duwatsun Tsafe. Ban taɓa neman izinin kowa ba. A ganina a lokacin, abin da ya fito a daji ba shi da mai shi.

Tsiron da muka gani ranar bai wuce gwiwa ba, bayan ganyensa ja, furensa ƙanana farare. Lawali da ya yi karatun abin bai san shi ba. An kewaye shi da duwatsu, jerin hannun mutum, ƙasar gindinsa kuma da laushi kamar wadda ake tonawa ana mayarwa. Muna tsugune a kansa Baffa Juli ya iso, shanunsa na gaba.

"Malamai, mi kuke nema a nan?"

Na yi masa bayani, na buɗe katakon na nuna masa abin da muka tsinko da safe. Ya leƙa, ya yi dariya.

"To, yanzu ganye ma makaranta aka sa shi?"

"Awo, Baffa," in ji Lawali. "Har jarrabawa za shi yi."

Dattijon ya sake dariya, amma da ya ga wuƙa a hannuna sai ya daina. Ya ce mahaifinsa ne ya nuna masa tsiron, kuma duk yawon da ya yi a dajin nan bai taɓa ganin na biyu ba. Saiwar tana tsayar da jini, in ji shi, ko saniyar da kura ta yaga, ko mutumin da gatari ya sara, ko macen da jini ya ƙi ɗauke mata bayan haihuwa. Sukan buɗe ƙasa ta gefe ɗaya, su kankaro kamar girman farce, su mayar da ƙasar, su zuba ɗan nono a kai. Haka ake yi tun yana yaro.

"Ku ɗebi ganye biyu, na ba ku," ya ce. "Saiwar kuwa ba tawa ba ce, balle in bayar."

Muka yi godiya. Ya kora shanunsa zuwa mashaya, can gangare, inda muke hango su.

Lawali ya bi shi da kallo, ya ce, "Tsohon nan bai zagaya ba ne. Inda ka ga ɗaya, akwai dubu. In ba ka ɗauki saiwa ba, ba ka tara komai ba."

Shi ya faɗa, amma ni na tona. Na sa wuƙa da ɗan ƙarfen da nake yawo da shi, na bi ta har kusan kamu guda, tana da kaurin rogo, bayanta baƙi. Da na fizge ta, sai da ta yi ƙara kamar an tsinka igiya. Na jefa ta cikin jakar da ke rataye a kafaɗata. Sha biyu saura minti ashirin.

Shanun suka ɗaga kai gaba ɗaya. Ba saniyar da ta yi kuka. Suka juyo, suka hauro gangaren da gudu, ƙasa tana rawa a ƙafata. Ni na haye dutsen, ban san ma yadda na hau ba. Lawali mutum ne mai jiki, ya nufi babur ɗinmu. Wani farin bijimi ya cim masa, ya soke shi da ƙaho a cinyar hagu, ya ɗaga shi sama ya yar, ya dawo ya danne shi da kai yana murzawa. Sauran suka bi ta kan babur ɗin da jerin duwatsun, suka mayar da wurin caɓi. Baffa Juli ya shigo tsakiyarsu yana kiran bijimin da sunansa, bijimin da ya raina tun yana maraƙi. Bijimin ya share shi da gefen kai, ya maka shi da dutse, daga sama na ji ƙarar haƙarƙarinsa. Babban ɗansa Manu, magidanci mai kamar shekara arba'in, ya iso da wasu maza biyu, suka yi ta dukan shanun har sandar ɗaya ta karye, shanun ko a jikinsu.

Sai kuma suka tsaya da kansu. Suka yi cirko-cirko, duka fuskokinsu na kaina. Na matsa dama a kan dutsen, kawunansu suka bi ni. Na koma hagu, suka bi ni. Ni dai abin da na gani ke nan.

Da aka samu aka kore su na sauko. Kafin in buɗe baki Manu ya sauke mini sanda a ka, jini ya rufe mini ido ɗaya, ta biyu ta same ni a kafaɗa. Yana cewa mun kawo ƙarfe cikin shanu mun firgita su, alhali babur ɗin a kashe yake tun safe. Lawali ya suma, jini na tsartuwa daga cinyarsa. Aka ɗaure da rawani, rawanin ya jiƙe nan take. Baffa Juli yana kwance yana numfashi da ƙyar, ya ce wa Manu ya je wurin duwatsun ya kankaro saiwar. Manu ya durƙusa ya yi ta tonon caɓin da hannu, bai sami komai ba.

Dattijon ya juyo da ido kaina. "Malam, ina take?"

Manu ya miƙe ya zare adda. "In wani ya tone ta, wallahi a nan zan sare hannun da ya tona."

Na ce, "Shanu sun tattake ta, Baffa."

Tana jikin haƙarƙarina cikin jaka, abokina na zubar da jini taku uku daga inda nake tsaye, na faɗi haka. Na gaya wa kaina asibiti ta fi saiwa, amma gaskiyar ita ce addar nake kallo. Dattijon ya daɗe yana dubana, sannan ya rufe ido.

Mazan suka taimaka muka fitar da Lawali bakin hanya, muka samu a-kori-kura mai zuwa Gusau. Aka yi masa ɗinki, aka ƙara masa jini, kafin la'asar jinin ya tsaya, likita ya ce an wuce hatsari. Ni ma aka ɗinke mini kai na koma gida.

Washegari, Laraba, ƙarfe bakwai na safe, na fito da tsiron daga jaka. Ko yaushi bai yi ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na ce wa kaina shi ne tunda an riga an yi ɓarna, kada ta tafi a banza. Na ɗora saiwar a katako na tsaga ta biyu a tsaye, yadda aka koya mini. Ruwan da ya fito ja ne, da ɗumi, da ƙarni irin na mahauta. Na shimfiɗa ta cikin jaridu, na rufe, na ja roba na ɗaure.

Da na isa asibiti ƙarfe tara, na tarar da Asma'u matar Lawali a bakin ɗaki tana wanke zanen gado a bokiti. Ta ce da bakwai ɗinkin ya farke, kamar an sa wuƙa, kuma tsagar ta wuce inda ƙahon ya yi, ta sauko har gwiwa. Aka sake ɗinkewa.

Alhamis da bakwai na kwance katakon, jaridun duka sun jiƙe jajir har na ƙasa. Na canja, na ƙara matsewa. A asibiti aka ce da bakwai Lawali ya yi ta ihu yana cewa ana matse masa ƙafa, sai da mutum uku suka danne shi, ɗinkin ya sake buɗewa. Na ji lokacin sarai, na ƙi bari zuciyata ta haɗa su.

Ranar Juma'a ni ke karanta labaran safe, ban dawo gida ba sai sha biyu. Sha biyu da kwata na canja jaridun, na ja robar. Bayan an sauko daga masallaci na wuce asibiti.

"Yau mun ɗauka an tsira," in ji Asma'u. "Bakwai ta wuce lafiya, har koko ya sha. Sai sha biyu da kwata."

Lawali ya yi fari fat, leɓensa a bushe. Ya ce ta ba mu wuri. Da ta fita ya kama wuyan rigata da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Tana wurinka, ko? Cikin katako?"

Na ce e.

"Ka kwance ta. Don girman Allah ka kwance ta."

Na koma gida na yanke robar, na naɗe ɓangarorin biyu a tsumma, na ɗauki hayar babur zuwa rugar Baffa Juli. Na same shi kwance a tabarma a inuwa, an ɗaure masa ƙirji da zane. Na ajiye tsumman a gabansa na buɗe, na faɗi abin da na yi tun daga farko. Ban ƙarasa ba Manu ya hamɓare ni, na faɗi ta baya. Ya ja ni a ƙasa har wurin turmin da mata ke daka, ya kifar da shi, ya ɗora hannuna na dama a kai, ya taka damtsena da ƙafa. Na ga addar ta tashi.

"Manu," in ji dattijon. Bai ɗaga murya ba, ba shi ma da ita. "Bari. Jinin ya isa haka."

Manu ya daɗe a haka kafin ya sauke. Ya buga addar a jikin turmin, kusa da yatsuna, ya tofa yawu ya kauce.

Aka ɗauki dattijon a tabarmar har gindin dutsen. Ya haɗa ɓangarorin biyu, ya ɗaure su da ɓawon kalgo, ya sa ni na tona ramin da hannuna, na kuma mayar da ƙasar da hannuna. Ya zuba nono daga ƙwarya. Na tambaye shi ko za ta rayu.

"Ka tsaga ta, Malam," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Ranar da na tambaye ka, girman farce ɗaya ya ishi abokinka."

Biyar saura minti goma. Asma'u ta gaya mini daga baya cewa kafin biyar ɗigon jinin ya ɗauke, bai kuma sake dawowa ba.

Ba ni da bayanin da zan yi muku. Na tambayi likita, ya ce ɗinki yakan farke. Na tambayi malamai, kowa ya faɗi nasa. Har yau ban ce tara tsirrai laifi ba ne, abu ne mai amfani, yaranmu da yawa ba su san sabara daga geza ba. Amma duk mai sha'awar farawa, ya tambayi mutanen da ke zaune a wurin kafin ya sa wuƙa, ya kuma tsaya a iyakar abin da suka ba shi. In guda ɗaya ka gani, ka bar shi. In ka ga an kewaye shi da duwatsu ko ƙaya, to wani yana jiran ranar da zai buƙace shi. Ganye ya ishi takarda.

Mako guda bayan haka ƙafar Lawali ta yi baƙi, aka yanke ta daga saman gwiwa. Ya ci gaba da koyarwa a Tsafe da sanda har ya yi ritaya. Muna gaisawa in mun haɗu, amma bai sake taka gidana ba. Mutanen Baffa Juli sun tashi daga wurin bayan kaka, ban sami wanda ya san inda suka nufa ba. Na koma gindin dutsen damina biyu a jere, ba abin da ya tsiro.